Ina Ake Shigar da Takardar Ɗaukar Miji ko Mata Zuwa Amurka?

Jawabin sashen kare haƙƙi a taron wayar da kan iyalai, sansanin Minawawo, Yulin 2025. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.

Mun san damina ce, kowa da aikin gona a gabansa, saboda haka mun gode da kuka ajiye fartanya kuka zo.

Abin da ya tara mu yau tambaya ce da take ta dawowa teburinmu. Wata baiwar Allah ta zo da takardar aurenta a naɗe cikin leda, ta ce maigidanta yana Amurka, ya ce ta kawo mana mu tura. Wani dattijo ya zo ya ce ɗansa yana da fasfo na Amurka, amma a Marwa yake zaune da matarsa, shin su kama hanyar Yawunde ne su kai takarda ofishin jakadanci? Wata kuma da kuka ta shigo. Ta sayar da awakinta da keken ɗinkinta, ta ba wani mutum kuɗin saboda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci. Yau wata uku wayarsa a kashe.

Dukkansu abu ɗaya suke so su sani: ina ake kai wannan takarda, kuma wa yake kai ta?

Ga amsar tun daga farko, ko da wani zai tashi kafin mu gama. Takardar neman miji ko mata su shiga Amurka, wanda yake da matsayi a Amurka shi ne yake shigar da ita, da sunansa da sa hannunsa. Wurin da ake shigar da ita kuwa hukumar shige da fice ta Amurka ce, wadda ake kira USCIS. Ofishinmu na nan sansani ba ya karɓar ta. Ofishin jakadanci ma ba ya karɓa, sai a wasu 'yan larurori da za mu faɗa muku. Dillali kuwa ba shi da ƙofa ko ɗaya a cikin wannan gida.

Ku fara sanin matsayinsa a can

Kafin ku tambayi ina za a kai takarda, ku tambayi maigida, ko uwargida in ita ce a can, wane matsayi yake da shi. Da yawa daga cikinmu abin da muka sani kawai shi ne "yana Amurka". To, zaman Amurka iri-iri ne, kuma kowane iri da hanyarsa.

Akwai wanda ya zama cikakken ɗan ƙasa, yana riƙe da fasfo na Amurka. Shi fom mai lamba I-130 yake cikewa, kuma doka ba ta ƙayyade yawan matan aure ko mazan aure na 'yan ƙasa da za a ba biza a shekara ba. Akwai mai katin zama na dindindin, wanda ake ce wa girin kad. Shi ma I-130 ɗin yake cikewa, sai dai iyalinsa suna shiga layi, domin bizar rukuninsu tana da adadi a kowace shekara. Akwai kuma wanda ya shiga a matsayin ɗan gudun hijira, ko aka ba shi mafaka bayan ya isa. Nasa fom ɗin daban ne, I-730. Wanda ya je karatu ko ziyara, ko wanda takardunsa suka ƙare yana zaune haka nan, ba shi da ikon shigar da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. In aka ce muku ku aiko da kuɗi za a yi, ku riƙe kuɗinku.

Ɗan Amurka da yake zaune a nan tare da mu

Bari mu tsaya a kan tambayar dattijon nan, domin a nan aka fi ruɗewa. Irin ɗansa ba su da yawa, amma akwai su. Wani an haife shi a Amurka lokacin da mahaifinsa yake karatu a can, aka dawo da shi yana goye, ya girma a Maiduguri ko Mubi, rikici ya koro shi kamar kowa. Wani ya yi shekaru a can ya samu shaidar zama ɗan ƙasa, sannan ya dawo ya yi aure, ko ya zo jinyar iyaye. Hankali zai ba mutum cewa tunda ga ofishin jakadancin ƙasarsa a Yawunde, can ya kamata ya kai takardar matarsa.

A da akwai ƙamshin gaskiya a wannan tunani. Hukumar USCIS tana da ofisoshi a wasu ƙasashen waje, har da Akara ta Gana, kuma ɗan Amurka da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe yakan miƙa takardarsa hannu da hannu. An sauya wannan tsari daga ranar 1 ga Fabrairun 2020, ofishin Akara ma ya daina karɓa a ƙarshen watan Maris na shekarar. Saboda haka in wani ya ba ku labarin yadda wansa ya yi shekara goma da suka wuce, ba ƙarya ya yi ba, amma hanyar da wan nasa ya bi an rufe ta.

Yanzu hanya biyu ce. Ta farko ta intanet: ya buɗe asusu da sunansa a shafin hukumar, ya cike fom ɗin, ya ɗora hotunan takardun, ya biya kuɗin da kati. Ta biyu ta gidan waya: ya cike fom a takarda ya aika zuwa akwatin karɓar takardu na hukumar a cikin Amurka. Adireshin wannan akwati an sha sauya shi, saboda haka a duba shafin hukumar a ranar da za a aika, kada a kwafo daga tsohuwar ambulan ta wani. Tun daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗin fom ɗin dala 625 ne ta intanet, dala 675 ta takarda. Wannan na takarda ya haura sefa dubu 350, kuma ba a mayar da shi ko an ƙi amincewa. Tare da I-130 akwai ƙaramin fom, I-130A, inda ake rubuta bayanan matar ko mijin da ake nema: inda ta zauna, aikin da ta yi, sunayen iyayenta.

Ga wanda yake da waya mai kyau da hanyar biya, ta intanet ta fi sauƙi daga inda muke, domin takarda ba ta ɓata a hanya kuma rasit yana fitowa da wuri.

Yaushe ofishin jakadanci yake karɓa?

Akwai 'yar ƙofa da aka bari a buɗe saboda larura. Jami'in biza a ofishin jakadanci yana iya yarda ya karɓi I-130 kai tsaye daga hannun cikakken ɗan ƙasa, in matarsa ko 'ya'yansa ƙanana ko iyayensa yake nema, kuma akwai dalili na gaggawa. Daga cikin dalilan akwai rashin lafiya mai tsanani da ke bukatar tafiya nan take. Akwai sauyin wurin aiki da ya zo ba zato, aka ce mutum ya koma Amurka cikin ɗan lokaci. Akwai yaron da ya kusa wuce shekarun da doka ta yanke. Akwai sojan da aka tura aiki cikin gaggawa. Sai wanda ya fi kusa da halin da muke ciki: barazana ga rayuwa da ke gab da aukuwa, kamar mutanen da rikici ko wani bala'i ya kora daga ƙasar da suke zaune, suka samu kansu cikin mawuyacin hali a wata ƙasa.

Mun ga fuskoki sun washe da muka faɗi wannan. Ku saurari sauran. Karɓa ko ƙin karɓa yana hannun jami'in ne, yana duba kowane mutum da halinsa. Kasancewar mutum ɗan gudun hijira kaɗai ba ya tilasta masa ya karɓa. In ya ce a'a, babu wurin ɗaukaka ƙara, sai a koma ga intanet ko gidan waya. In ya yarda, ɗan ƙasar ne da kansa zai bayyana da takardu na asali. Kuma wanda ya riga ya shigar da takardarsa a USCIS, ofishin jakadanci ba zai karɓi ta biyu ba. Abin da ya rage masa shi ne ya roƙi hukumar ta hanzarta duba wadda ke hannunta, ya haɗa da hujja. Saboda haka mai larura ta gaske ya fara rubuta wa ofishin jakadanci kafin ya shigar ta intanet. Mai girin kad kuma wannan ƙofa ba tasa ba ce sam.

Don Allah kada kowa ya tashi daga nan ya nufi Yawunde ba tare da an ba shi rana a rubuce ba. Tafiyar ta fi kilomita 1,000. Ka bi ta Marwa, ka bi ta Garwa, ka kai Gaundare ka kwana a jirgin ƙasa, ka isa bakin ƙofa mai gadi ya tambaye ka takardar gayyata. Kuɗin mota da na masauki sun tafi a banza. Sauri ya haifi nawa ke nan. A aika saƙo ta adireshin da ke shafin ofishin jakadancin, a bayyana larurar, a jira amsa.

Abin da ɗan ƙasa mai zama a waje yake mantawa

Shigar da I-130 daga nan halas ne, doka ba ta hana ba. Amma gaba akwai wani fom, I-864, inda mai nema yake ɗaukar alkawarin ciyar da matarsa don kada ta zama nauyi a kan gwamnati. Mai cike shi dole ya kai shekara 18, dole abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnatin Amurka take fitarwa duk shekara gwargwadon yawan mutanen gida, kuma dole mazauninsa ya kasance a Amurka. In samunsa bai kai ba, wani ɗan ƙasa ko mai girin kad yana iya tsaya masa. Amma batun mazauni babu mai tsaya wa wani. Wanda ya daɗe a waje sai ya nuna cewa zamansa a nan na wucin gadi ne, ko kuma ya nuna da gaske yana shirin komawa: ya nemi aiki, ya nemi gida, ya buɗe asusun banki. Matar ba za ta riga shi shiga ba, ko su tafi tare ko ya riga ta. Za a kuma nemi takardar harajinsa, domin Amurka tana bukatar 'yan ƙasarta su bayyana abin da suka samu ko a ina suke zaune.

Sai batun yara, wanda ya sha raba uwa da 'ya'yanta a bakin tafiya. In cikakken ɗan ƙasa ne mai nema, takardar uwa ba ta ɗaukar 'ya'ya. Kowane yaro da nasa I-130 da nasa kuɗi. Agola ma ana iya nema masa, muddin an ɗaura auren kafin ya cika shekara 18. Wani lokaci kuma yaron da ɗan Amurka ya haifa a nan shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, in uban ya taɓa zama a Amurka shekara 5, biyu daga ciki bayan ya cika shekara 14. Irin wannan yaro rajistar haihuwa ake yi masa, kuma ita wannan a ofishin jakadanci ake yin ta, kafin ya kai 18. Wanda aka dawo da shi yana goye bai cika wannan sharaɗi ba, don haka 'ya'yansa ta I-130 za su bi.

Wanda ya tafi a matsayin ɗan gudun hijira

Iyayenmu mata, wannan ya fi shafar da yawa daga cikinku. Fom ɗin I-730 kyauta ne. Ana nema wa mata ko miji da 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 21 ba, kowa da fom ɗinsa. Wanda yake can shi zai aika wa USCIS daga can. Sharuɗɗa biyu ne ba ma so ku manta. Na farko, auren ya kasance an ɗaura shi kafin ya shiga Amurka a matsayin ɗan gudun hijira, ko kafin a ba shi mafaka. Na biyu, a shigar da fom ɗin cikin shekara 2 daga ranar da ya shiga ko ranar da aka ba shi mafakar. Hukumar takan ɗaga wannan wa'adi saboda dalilin jinƙai, amma alfarma ce, ba a dogara da ita. Mutum ya isa sabuwar ƙasa, ga sanyi, ga aikin dare, yana cewa bari in ɗan zauna da gindina tukuna, sai ya farka shekara biyu ta wuce. In kun yi waya yau, ku tambaye shi ranar da ya sauka, ku lissafa tare.

Ba za mu ɓoye muku halin da ake ciki ba. A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, kuma dakatarwar ta shafi tafiyar iyalan waɗanda suka riga suka shiga ta wannan shiri. Amma kwanakin wa'adin shekara biyun nan suna ci gaba da tafiya, saboda haka a shigar da fom a kan lokaci, a ajiye rasit. A watan Yunin 2025 kuma an fitar da sanarwar hana shiga ga 'yan ƙasashe 12, har da Chadi da Sudan. A wancan lokacin, a Yunin 2025, Najeriya da Kamaru ba su kasance cikin jerin ba, kuma sanarwar ta lokacin ta ware matan aure da mazan aure na cikakkun 'yan ƙasa in suna da hujja mai ƙarfi ta dangantaka. Irin wannan jeri gwamnati tana iya ƙara shi ko ta rage shi duk lokacin da ta ga dama, don haka kafin ku kashe kuɗi a kowane mataki, ku zo mu duba abin da ke ƙasa a ranar.

Auren da za su yarda da shi

Dokar Amurka tana duba ko auren ya inganta a dokar wurin da aka ɗaura shi. Auren masallaci ko na coci ko na gargajiya ba abin rainawa ba ne, amma jami'in da yake zaune a ofis a wata nahiya bai halarci ɗaurin auren ba, bai ci goro ba. Takarda yake gani. Waɗanda suka yi aure a nan Kamaru, ofishin rajistar aure na magajin gari shi ne yake ba da takardar da hukuma ta sani, kuma muna iya nuna muku yadda ake bi. Waɗanda takardunsu suka ƙone a Gwoza ko Bama ko Banki, kada ku yanke ƙauna, kada kuma ku sayi ta bogi. Ana duba wasu hujjoji: rajistarku ta nan sansani da ta nuna ku gida ɗaya ne, takardun haihuwar yara masu ɗauke da sunan uwa da uba, hotuna, rasit na kuɗin da yake aiko miki, rantsuwar mutanen da suka shaida auren. Wani lokaci ana neman gwajin jini na DNA tsakanin iyaye da yara, kuma ofishin jakadanci ne yake tsara yadda za a ɗauka. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci ko Faransanci, in za a aika wa USCIS, sai an fassara ta gaba ɗaya zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu ya shaida cewa fassarar daidai take.

Akwai abubuwa uku na al'adarmu da suke cin karo da dokarsu, gara ku ji su daga bakinmu.

Na ɗaya, auren wakilci. A wurinmu waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an biya sadaki, shaidu sun ji, aure ya ɗauru ko ango yana bayan duniya. A dokar shige da ficen Amurka, auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, ba a lissafa shi sai in sun tare bayan ɗaurin. Ga mafi yawanku wannan ba matsala ba ce, kun yi zaman aure har da 'ya'ya. Amma yarinyar da aka ɗaura wa aure da saurayi yana can, bai taɓa zuwa ba tun daga ranar, takardarta ba za ta wuce ba sai ya zo, kuma a ajiye shaidar zuwansa, kamar hatimin fasfo da tikitin jirgi.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Dokarsu matar fari kaɗai ta sani, muddin aurenta yana nan. Ba a ɗaukar ta biyu a matsayin mata, kuma wanda aka tabbatar zai je ya ci gaba da zama da mace fiye da ɗaya ana hana shi shiga. Wannan magana ce mai nauyi, ta shafi zuciya da haƙƙin mata da 'ya'ya, kuma gida ne zai zauna ya yanke shawararsa. Abin da muke roƙo kawai, kada a rubuta amarya a matsayin ƙanwa, kada a rubuta 'ya'yan ɗaki ɗaya da sunan ɗaya ɗakin. In an taɓa yin wani aure a baya, na miji ko na mata, sai an kawo takardar saki ko shaidar rasuwa.

Na uku, ƙarancin shekaru. Auren da aka ɗaura wa yarinya ba ta kai 18 ba ana tsananta bincike a kansa. Ƙara mata shekaru a takarda ba ya gyara komai, sai dai ya ƙara matsala a kan matsala.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama ya yi ƙarya a kan abu mai muhimmanci don ya samu biza, ana iya hana shi shiga Amurka har ƙarshen rayuwarsa. Auren bogi don takarda kuma laifi ne da hukuncinsa yake kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000. Abin da kuka faɗa mana ranar rajista, da abin da maigida ya faɗa lokacin da aka yi masa tambayoyi kafin ya tafi, da abin da za a rubuta a fom, duk ana jera su a gwada. In akwai kuskure a rajistarku, sunan da aka rubuta ba daidai ba ko yaron da ba a saka ba, ku zo a gyara tun yanzu.

Bayan an shigar

Idan takarda ta shiga, hukumar tana ba da rasit mai lamba: haruffa 3 da alƙaluma 10. Da wannan lamba kowa zai iya duba inda aka kwana a shafin hukumar, kyauta. 'Yar'uwa, in maigida ya ce ya shigar, ki ce ya turo miki hoton rasit ɗin. Ba rashin yarda ba ne, ke ma za ki bukace shi. Jiran amsar I-130 sau da yawa yakan wuce shekara.

In an amince, fayil ɗin yana komawa cibiyar biza ta ƙasa da ke jihar New Hampshire. A nan ake biyan dala 325 na biza da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, a cike fom DS-260 ta intanet, a tura takardu, har da shaidar 'yan sanda ga wanda ya kai shekara 16. Sai a ba da ranar ganawa. A wannan mataki ne ofishin jakadanci yake shigowa, kuma a ƙa'ida ana ganawa a ƙasar da mutum yake zaune, wato Yawunde ga mazauna nan. Kafin ranar akwai gwajin lafiya a wurin likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi, ba kowane asibiti ba. In auren bai kai shekara 2 ba ranar da aka shiga Amurka, katin shekara biyu ake bayarwa, sai ma'auratan su nemi a cire sharaɗin cikin kwana 90 kafin ya ƙare.

Ga gargaɗi na musamman gare mu. Kada kowa ya tsallaka Najeriya neman fasfo ko wata takarda, ko ya je ofishin jakadancin Najeriya, ba tare da ya zo mun zauna ba. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ce wanda ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa da son ransa yana iya rasa matsayinsa. Ita dai wannan yarjejeniya ta tanadi takardar tafiya ta musamman ga ɗan gudun hijira. Ku bari mu duba wadda ta dace da ku, ban da haɗarin hanyar da kuka fi mu sani.

Masu 'yan'uwa a wasu ƙasashe, kada ku ɗauki wannan bayani ku ɗora a kansu. A Faransa, iyalin wanda aka ba mafaka su ne suke neman biza a ofishin jakadancin Faransa na inda suke. A Kanada kuma wa'adin da ake ba wanda aka sake tsugunarwa ya nemi iyalin da ya bari a baya shekara 1 ce kacal. Kowace ƙasa da ƙa'idarta, ku zo da sunan ƙasar mu duba.

Abin da za mu iya yi muku

Ba mu ne muke ba da biza ba, kuma ba mu da ikon sa wata ƙasa ta karɓi kowa. Duk ma'aikacin da ya ce muku yana da wannan iko, ku kawo mana rahotonsa, za a ɓoye sunanku. Abin da ke hannunmu shi ne mu ba ku shaidar rajista da ta yawan iyali, mu gyara kuskuren da ke cikin bayananku, mu karanta muku wasiƙar da ta zo da Turanci, mu nuna muku hanyar samun takardar haihuwa da ta aure, mu duba takardunku na tafiya in ranar ganawa ta fito. Wanda ya rasa inda mijinta ko matarsa take gaba ɗaya, za mu haɗa shi da masu aikin neman 'yan'uwa na ƙungiyar Red Cross. Duk wannan kyauta ne, ko dala ɗaya ba a biya.

Fom-fom ɗin nan da muka lissafa kyauta ake sauke su daga shafin hukumar. Shafukan gwamnatin Amurka da .gov suke ƙarewa. Ba ta neman kuɗi ta WhatsApp ko Facebook, ba ta cewa a tura kuɗi ta waya zuwa lambar wani mutum. Kuɗin da ake biya, wanda ya shigar da takardar ne yake biya kai tsaye ga hukuma, ya karɓi rasit. 'Yar'uwarmu da ta rasa awakinta ta ba mu izini mu faɗi labarinta ba tare da suna ba, don kada wata ta bi sawunta. Da muka bincika, maigidanta girin kad yake da shi, kuma bai taɓa shigar da komai ba, shi ma yana can yana jira a kan cewa mutumin nan yana aiki. Yanzu ya shigar da kansa, lambar rasit tana hannunta.

To, aikin gida da muke ba kowa shi ne wannan. In kun samu waya da wanda yake can, ku tambaye shi abu uku: wane matsayi yake da shi, wace rana ya shiga ƙasar, kuma ya shigar da takarda ko bai shigar ba. Ku rubuta amsar ko ku sa yaro ya rubuta, ku haɗa da katin rajistarku da duk takardar da kuka tsira da ita, ku same mu a ofis a ranakun sauraron jama'a. Matambayi ba ya ɓata. Shugabannin unguwanni, muna roƙon ku isar da wannan ga tsofaffi da marasa lafiya da ba su samu fitowa ba.

Allah Ya haɗa kowa da iyalinsa cikin alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo da zaman lafiya garuruwanmu. Yanzu sai tambayoyi, kuma iyayenmu mata za mu fara ba dama.